Kowace Ƙwarya Da Abokiyar Burminta: Yadda Aikatau Ke Zaɓen Abokin Tafiya A Turanci

Wata ranar Talata da la'asar, ina sabon shiga aikin jarida, aka miƙo mini wani guntun labari da aka rubuto da Turanci, aka ce in juya shi zuwa Hausa kafin a rufe shafi. Labarin na direbobin manyan motoci ne da wani haraji da ake karɓa a bakin wata kasuwa. A cikinsa akwai jimlar da ta ce "The drivers stopped to pay the levy". Ban tsaya wani dogon tunani ba, domin kuwa babu kalma ɗaya a ciki wadda ban sani ba tun ina sakandare. Nan da nan na rubuta cewa direbobi sun daina biyan haraji, na ɗora masa kan labari mai zafi, na kai teburin edita ina jin kaina.

Editan dattijo ne wanda ya fara wannan aiki tun zamanin tafireta. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni, ya ce, "Samari, wa ya gaya maka sun daina?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ga shi nan a rubuce." Ya ce, "Abin da ke rubuce shi ne sun tsaya domin su biya. Da daina biya suka yi, da mai labarin ya rubuta 'stopped paying'. Mutane sun bi doka, kai kuwa kana shirin shaida wa duniya cewa sun yi tawaye."

Da wannan labari ya fita yadda na rubuta shi, da mun ɓata wa bayin Allah suna, da kuma mun wayi gari muna neman afuwa a shafin farko. Abin da ya raba gaskiya da ƙarya a wannan rana bai wuce haruffa biyu da aka sa a gaban kalma ba, ko haruffa uku da aka liƙa a bayanta. Tun daga ranar na gane cewa sanin ma'anar aikatau a Turanci rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin irin abin da ya yarda ya biyo bayansa a cikin jimla. Wannan shi ne abin da malaman nahawu ke kira zubi ko tsarin aikatau, shi ne kuma abin da nake so mu duba tare da masu karatu a wannan mako.

Mu ma muna da shi a Hausa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wata baƙuwar wahala ce da Bature ya ƙirƙiro. Aikatau, watau kalmar da ke nuna aiki a jimla, irin su ci da sha da tafi da saya, haka yake a kowane harshe, yana da zaɓi a kan abin da zai bi shi. Bahaushe yana cewa "Audu ya sayi goro", amma idan ya ɓoye sunan goron sai ya ce "ya saye shi", idan kuma babu abin da ya biyo baya sai ya ce "ga abin da ya saya". Baƙon da ke koyon Hausa in ya ce "Audu ya saya goro", kowa zai gane nufinsa, amma kowa zai san baƙo ne. In kuwa ya rikita "ya sayi doki" da "ya sayar da doki", to, ya juya cinikin gaba ɗaya, mai biyan kuɗi ya koma mai karɓa.

A shekarar 1960 wani masani mai suna F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Jami'ar Landan, ya kasa aikatau na Hausa zuwa rukuni 7 bisa irin wannan sauye-sauye, kuma har yanzu ɗaliban Hausa suna karanta wannan rabo a jami'o'inmu. Amma tsohuwar da ke sayar da daddawa a ƙauye ba ta taɓa jin sunan Parsons ba, kuma ba ta kuskure ko ɗaya a cikin rukunan nan. Dalili kuwa shi ne ba ta koyi kalmar "saya" ita kaɗai ba, ta koye ta ne a cikin jimla, tare da abokan tafiyarta. Mu kuwa da muka zo koyon Turanci, sai aka ba mu jerin kalmomi da ma'anarsu muka haddace, kamar wanda aka ba ƙwarya aka hana shi murfi.

Malamin da ya ƙidaya su

Wanda ya fi kowa suna wajen tsara wannan fanni domin baƙin harshe shi ne wani Bature ɗan Ingila, A. S. Hornby, wanda aka haifa a 1898 ya rasu a 1978. A shekarun 1920 ya tafi Japan koyar da Turanci, inda ya yi aiki tare da wani malami mai suna Harold Palmer a birnin Tokyo. Can suka lura cewa ɗalibansu sun san kalmomi da yawa, amma sai su haɗa jimlar da Bature ba zai taɓa faɗa ba, domin suna auna wani aikatau da wani, suna zaton duk abin da ya bi wannan zai bi wancan.

Saboda haka Hornby da abokan aikinsa biyu, Gatenby da Wakefield, suka shirya ƙamus na musamman wanda aka fara bugawa a Tokyo a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga shi, shi ne kuma ya zama ƙamusun nan na Oxford na masu koyo wanda da wuya a sami makarantar sakandare a Nijeriya da ba a san shi ba. A cikinsa Hornby ya raba zubin aikatau gida 25, ya ba kowanne lamba, sa'an nan a 1954 ya fitar da littafi guda a kan wannan batu. Iyayenmu da suka yi makaranta a shekarun 1970 za su tuna da 'yan lambobin nan masu farawa da VP da ke gaban kowane aikatau, waɗanda yawancin ɗalibai ke tsallakewa. Ba za mu bi duka 25 ɗin ba a nan. Za mu ɗauki waɗanda mutum ke karo da su kullum a wasiƙa da ofis da asibiti da ɗakin jarrabawa.

Masu son "to" da masu son "-ing"

Idan aikatau biyu suka haɗu a jimlar Turanci, na farkon shi ke yanke hukunci a kan siffar na biyun. Akwai waɗanda ba su yarda da komai sai an sa "to" a tsakani. Daga cikinsu akwai want da hope da decide da agree da refuse da promise da fail. Sai a ce "I want to travel", watau ina so in yi tafiya, ko "She refused to come", watau ta ƙi zuwa, ko "They agreed to pay", watau sun yarda su biya.

Akwai kuma waɗanda ba su shiri da "to" sam, sai dai na biyun ya ɗauki "-ing" a ƙarshensa. Daga cikinsu akwai enjoy da finish da avoid da deny da mind da suggest da consider. Sai a ce "He has finished eating", watau ya gama cin abinci, ko "The clerk denied taking the money", watau akawun ya musanta ɗaukar kuɗin. Wanda ya ce "I enjoy to read" ya karya doka, daidai shi ne "I enjoy reading".

A nan Hausa tana taimako, tana kuma yaudara. Tana taimako domin mu ma muna da hanyoyi biyu. Muna cewa "ina so in tafi", wanda ya yi kama da zubin "to", muna kuma cewa "na gama karatu" da "na daina zuwa", inda sunan aiki ya biyo baya kamar yadda "-ing" ke yi. Amma tana yaudara domin rabon ba ɗaya ba ne. Bahaushe yana cewa "ya ƙi zuwa", sai ɗalibi ya bi sawun Hausa ya rubuta "he refused coming", alhali Turanci yana son "refused to come". Haka nan Bahaushe yana da damar ya ce "ina son zuwa" ko "ina so in zo", amma mai Turanci ba shi da wannan zaɓi, "I want to come" kawai zai ce.

Akwai wata 'yar dabara da malamai ke bayarwa, cewa masu ɗaukar "to" yawanci suna duban gaba ne, abin da ake buri ko niyya ko alkawarin yi, masu ɗaukar "-ing" kuwa suna duban abin da ake ciki ko aka riga aka yi. Dabarar tana da amfani, amma kada a jingina da ita ƙwarai, domin avoid da suggest da consider duk suna maganar abin da bai faru ba tukuna, amma "-ing" suke ɗauka. Sa'an nan akwai masu sauƙin kai irin su begin da start da continue, waɗanda ke karɓar kowanne ba tare da ma'ana ta sauya ba. "It started to rain" da "It started raining" duk ruwa ne ya sauko.

Inda ma'ana ke juyawa

Haɗarin yana wajen 'yan kaɗan ɗin da ke karɓar zubi biyu amma kowanne da tasa ma'ana. Na farkonsu shi ne wanda ya kusa kayar da ni. "He stopped smoking" ya daina shan taba ke nan, "He stopped to smoke" kuwa ya dakata da abin da yake yi domin ya sha taba. Wannan "to" ɗin daidai yake da "don" ko "domin" na Hausa. Majiyyacin da likita ya tambaya, ya amsa da na biyun yana nufin na farkon, ya shaida wa likita akasin abin da ke ransa.

Na biyu shi ne remember. "Remember to lock the shop" umurni ne, kada ka manta ka kulle shagon, aikin yana gaba. "I remember locking the shop" kuwa shaida ce, na tuna lalle na kulle shi, aikin yana baya. Idan rigimar bashi ta kai gaban hukuma, wanda ya rubuta "I remember paying him" yana da'awar ya biya, kuma a kan wannan magana za a riƙe shi.

Na uku shi ne try, wanda Hausa ta raba shi kalmomi biyu. "Try to sleep" ka yi ƙoƙari ka yi barci, watau abin da wuya. "Try sleeping on your left side" kuwa ka gwada kwanciya ta gefen hagu ka gani ko za ka ji sauƙi. Na huɗu kuwa duk wanda ya taɓa neman aiki ya san shi. Wasiƙar da ta fara da "We regret to inform you" tana nufin muna baƙin cikin sanar da kai, labarin yana tafe, kuma ba mai daɗi ba ne. Amma "I regret telling him" nadama ce a kan maganar da ta riga ta fita daga baki.

Idan mutum ya shiga tsakani

Wani zubin kuma shi ne inda ake son wani ya yi wani abu. Bahaushe yana cewa "ina so ka zo gobe". Wanda ya bi Hausa kalma da kalma sai ya ce "I want that you come", amma Turanci yana sa mutumin ne a tsakiya sa'an nan "to" ta biyo, "I want you to come tomorrow". Haka tell da ask da advise da allow da force da enable suke tafiya: "The doctor advised her to rest", likita ya shawarce ta ta huta.

Amma akwai biyu da suka fita zakka, su ne make da let, waɗanda ba su son ganin "to" ko kaɗan. "The news made him cry", labarin ya sa shi kuka. "Let me go", bar ni in tafi. Abin mamaki a ƙasar nan sai muka juya al'amarin, muka ba make abin da ba ya so, muka hana enable abin da yake so. Sau da yawa a wasiƙun ofis za ka ga an rubuta "to enable me travel", ko ka ji an ce "he made me to wait". A daidaitaccen Turanci na farkon "enable me to travel" ne, na biyun kuwa "made me wait". Sai dai in an juya jimlar ba a ambaci wanda ya sa aikin ba, to, "to" takan dawo, a ce "I was made to wait". Shi kuwa help ba ruwansa, a sa masa "to" ko a cire, duk daidai ne.

Bayarwa da aro da ƙananan kalmomi

Give da send da show da lend da tell suna ɗaukar mutum sa'an nan abu, kamar yadda Hausa ke cewa "ba ni littafin", a ce "Give me the book". Amma explain da suggest da describe da say ba su yarda mutum ya manne musu kai tsaye ba. "Bayyana mini" ba "explain me" ba ne, sai dai "explain it to me". Saboda haka ne ake cewa "He told me" amma "He said to me".

Maganar aro ita ce ta fi yawo a bakin 'yan makaranta. A Hausa saiwa ɗaya ce ke yin aikin biyu, zubi ne ke bambanta su: "na ari biro" ni na karɓa, "ara mini biro" kai za ka bayar. Turanci kuwa kalmomi biyu ya ware, borrow ga mai karɓa, lend ga mai bayarwa. Don haka "borrow me your pen" da ake ji kullum, a takardar jarrabawa "lend me your pen" ake nema. Haka "koyi" da "koyar" suke, learn na ɗalibi ne, teach na malami.

Sa'an nan ga ƙananan kalmomin da ke liƙe wa wasu aikatau. Muna cewa "jira ni" da "saurare ni" ba tare da komai a tsakani ba, amma Turanci yana cewa "wait for me" da "listen to me". A wani wurin kuma mu ke da ƙari, su babu. Muna tattaunawa "a kan" magana, muna shiga "cikin" ɗaki, sai mu ɗauko wannan mu ce "discuss about" da "enter into the room", alhali "discuss the matter" da "enter the room" sun wadatar. Akwai kuma tarkon da ke ƙarshen kusan kowace takardar neman aiki. A cikin "look forward to", wannan "to" ɗin ba irin ta want ba ce, suna ko "-ing" take ɗauka. Daidai shi ne "I look forward to hearing from you". Wanda ya rubuta "to hear" ya rufe wasiƙarsa da kuskure a layin da mai ɗaukar aiki zai karanta daga ƙarshe.

To, ina laifin Turancinmu na gida?

Wani zai ce, tun da ana gane juna, mene ne abin damuwa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Turancin Nijeriya ya kafu, masana sun yi rubutu a kansa, kamar David Jowitt wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, ya kuma fitar da littafi a kan wannan batu a 1991. A watan Janairu na 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Nijeriya, har da okada da danfo da Kannywood. Wanda ya ce wa abokinsa "borrow me" a kasuwar Alaba ko Sabon Gari bai yi abin kunya ba, kuma za a ba shi abin da ya roƙa.

Amma kowane wuri da rigar shigarsa. Hukumar jarrabawa ta WAEC da aka kafa a 1952, da NECO da ta zo a 1999, da daidaitaccen Turanci suke gwada ɗalibai, kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a. Hukumar JAMB da aka kafa a 1978 ta wajabta wa kowane mai neman gurbi ya rubuta takardar Turanci, ko likita yake so ya zama ko lauya. A cikin tambayoyin cike gurbi da ake yi a waɗannan jarrabawa, sau da yawa abin da ake nema shi ne ɗalibi ya zaɓi tsakanin "to go" da "going" da "go". Yaro yana iya sanin ma'anar kowace kalma a jimlar, ya faɗi tambayar, kamar yadda na faɗi tawa a gaban edita. Banda jarrabawa kuma, akwai takardar yarjejeniya da rahoton asibiti da bayanin da ake rubutawa a ofishin 'yan sanda, inda ake riƙe mutum a kan abin da ya rubuta, ba a tambayarsa abin da ya yi nufi.

Abin yi

Maganin ba shi da tsada. Duk lokacin da ɗalibi ya gamu da sabon aikatau, kada ya rubuta shi shi kaɗai a littafinsa. Maimakon ya rubuta avoid da ma'anarsa, sai ya rubuta gajeriyar jimla ta kansa, irin su "I avoid driving at night", ya maimaita ta da baki har kunnensa ya saba. Ranar da wani ya ce "avoid to drive", kunnen zai yi masa gargaɗi kafin ya tuna da wata doka, kamar yadda kunnen Bahaushe ke ƙin "ya saya goro".

Sa'an nan a koyi karanta ƙamus har ƙasa. Sababbin bugu na ƙamusun masu koyo sun bar lambobin Hornby, suna rubuta zubin a fili, kamar "allow somebody to do something" ko "enjoy doing something", wani lokaci a taƙaice su sa sb a madadin mutum, sth a madadin abu. Wannan ɗan layi shi ne murfin ƙwaryar, kuma yana nan a ƙamusun da ke cikin wayar hannu kamar yadda yake a na takarda. Malamai kuma, musamman na makarantun da yara ke tasowa da Hausa, zai kyautu su riƙa ɗora jimlar Turanci kusa da ta Hausa, su nuna wa yara inda harsunan biyu suka yi tafiya tare da inda suka rabu, domin yawancin kurakuran nan daga can suke tasowa.

Ni dai har yau, duk sa'ad da na ga "stop" a labarin da zan fassara, sai na ɗaga alƙalami na duba abin da ya biyo bayansa kafin in rubuta ko harafi ɗaya. Allah ya saka wa dattijon editan nan da alheri, ya kuma ba ɗalibanmu sa'a a jarrabawarsu, amin.